Goron da Yayana Bai Kai Ba

Yayana ya gano Falasɗinu ne a cikin wayarsa, lokacin da hotunan yaƙin Gaza suka cika ko'ina. Kafin nan, da za ka tambaye shi inda ƙasar take, sai dai ya nuna maka gabas da haɓa. Wata guda bai cika ba ya zama masani. Ya samo ƙyallen nan mai zanen baƙi da fari a wajen masu dawowa daga Umara, yana naɗa shi a wuya bisa babbar riga, a zafin Tamale, gumi na tsiyaya har cikin aljihunsa. Aka kafa kwamitin goyon baya a masallacinmu na unguwar Gumbihini, ba sai na faɗi wanda ya zama ciyaman ba. Duk Alhamis yana gidan rediyo yana kumfar baki, yana jero sunayen garuruwan da ko furta su daidai bai iya ba.

Ni ba goyon bayan ne ya dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, Bafalasɗine guda ɗaya da na sani a duk faɗin garin nan yana zaune a bayan katangarmu tun ina ɗan firamare, kuma kusan shekara hamsin yayana bai taɓa kiransa komai ba sai "Labanis".

Tsohon ya zo Tamale zamanin da noman shinkafa ke tashe, tarakta na shigowa gari, masu gyara ta ba su da yawa, shi kuwa bakanike ne. Wani attajiri ɗan Labanan ne ya kawo shi daga Kumasi, kuma takardar tafiyarsa a Labanan aka yi ta, shi ya sa sunan ya manne masa. Mahaifinmu ya sauke shi, ya ba shi ɗaki, daga baya ya yankar masa fili a bayan gida. A wajenmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya sauki baƙo ya zama maigidansa: shi ne bakinsa a gaban sarki, shi zai nema masa aure, shi za a kai wa ƙara in ya yi laifi, kuma duk wata ƙofar manya sai da shi za a ƙwanƙwasa. Mahaifinmu ya yi masa duk wannan, har ya aura masa wata 'yar ƙabilar Dagomba daga unguwar Changli. Da mahaifinmu ya rasu, maigidancin ya faɗa kan babban ɗa, wato Alhaji yayana, tare da zaure da kujerar zauren da sauran abubuwan da ake gada ba sai an cancanta ba.

Ni ma ban san tsohon da kyau ba sai da na yi ritaya daga koyarwa. A lokacin matarsa ta rasu, 'yarsu ɗaya tana aikin nas a Kumasi, hannunsa kuma ya fara rawa har ya bar taɓa inji. Da safe nakan sayo mana koko da ƙosai mu zauna a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Hausarsa irin ta kasuwar garin nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji, ga ragowar Larabci a maƙogwaro.

"Ticha," in ji shi wata safiya, "garinmu ba babba. Unguwar Zogbeli ya fi shi. Amma kowane gida yana da suna, kuma ni na sani duka."

Ƙauye ne a gefen tudu, can arewacin ƙasarsu, masu noman alkama da zaitun da ɓaure. Yana da shekara bakwai ko takwas aka yi yaƙin da aka kafa ƙasar Isra'ila a kansa. Ya ce alkama ta nuna ba a yanka ba, labari ya zo na abin da sojoji suka yi wa wani ƙauye kusa da su, sannan manyan bindigogi suka fara faɗowa a bayan masallaci. Mutane suka fita da abin da kai zai iya ɗauka, da niyyar kwana biyu ko uku a cikin gonaki har ƙura ta lafa. Wata tsohuwa ta ƙi tashi, aka bar mata tulun ruwa da gurasa. Kwana ukun nan su ne suka kai su sansanin gudun hijira a Labanan. Waɗanda suka saci jiki suka koma ɗiban hatsi, wasu an harbe su a hanya, waɗanda suka dawo suka ce an sa nakiya an tashi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Bayan shekaru masu yawa wani ɗan'uwansa mai fasfon Turai ya je wurin. Ya tarar an dasa itatuwa a kan kufan, an jera benci da tebur domin masu zuwa shan iska ranar hutu, har da allo mai bayanin irin tsuntsayen wurin. Tsuntsaye sun samu allo, mutanen da suka haƙa rijiyar ba su samu ko layi ɗaya ba.

A sansanin, mahaifiyarsa ta mai da garin karatu. Kowace safiya kafin ya ci abinci sai ya biya mata gidajen a jere, daga bakin idon ruwa a hau tudu har masallaci, a gangara ta masussuka: maigidan, ubansa, kakansa, da abin da aka san gidan da shi. In ya tsallake ɗaya ta murɗe masa kunne. Sauran yaran da suka yi wannan hadda sun watse a duniya, kuma duk wanda yake jin labarinsa ya riga ya mutu.

Ya sha biya mini. Gidan farko na mai gadin ruwa ne, sai na ungozoma, sai na 'yan'uwa biyu da ba sa ga maciji da juna amma rufinsu ɗaya, sai na mai matse zaitun, sai na makahon da ya san jakin kowa da kukansa, sai na wanzami, sai na matar da ta yi mafi kyawun cuku. Sunayen ba zan sa su a nan ba, tunda mai su bai yarda da takarda ba. Na ce masa in rubuta, ya girgiza kai.

"Babana yana da takarda. Takardan gona, da hatimi na Turkawa, da hatimi na Ingilishi. Ya riƙe har ya mutu. Takarda ya yi masa mene?"

Na ce to in ɗauka a waya. Ya tambaye ni waya nawa na canja tun da ya san ni. Na yi dariya na bar maganar. Da na danna wayar a cikin aljihu ba tare da ya sani ba, da yau ba wannan labarin nake rubutawa ba. Gaskiyar ita ce, daga gida na bakwai hankalina kan tafi. Ina gyaɗa kai ina cewa "Allah Sarki", ina tunanin ko tankar ruwa za ta zo unguwarmu yau.

Abin da yake so daban ne. Shekara hamsin yana kallon makaɗan Dagomba. Duk wanda ya zauna a Tamale ya san aikinsu ba nishaɗi kawai ba ne: tarihin ƙasar a bakinsu yake da kalangunsu, sarki bayan sarki, gida bayan gida, uba ya koya wa ɗa, ɗa ya koya wa jika, ba littafi ba allo. Ranar jana'izar matarsa ya ga wani tsohon makaɗi daga Zogbeli ya jero kakanninta har inda 'yan'uwanta ma ba su sani ba. Tun ranar abin ya shiga ransa.

"Mutanen nan ba su mantuwa," ya ce. "Ina so garinmu ya shiga cikin ganga. In na mutu, yaran mai ganga su riƙe."

Na je na sami makaɗin ta bayan fage, don na taɓa koyar da 'yarsa a makaranta. Mutum ne siriri, mai magana a hankali, kalangunsa na rataye a bango an lulluɓe shi da zane. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce bai taɓa jin an roƙi irin wannan ba, amma bai ga abin ƙi a ciki ba, don garin da aka kashe ya fi kowane gari bukatar mai kiransa. Sai dai maganar yaƙi da mutuwa ba a ɗaukarta da wasa, kuma ba a karɓarta daga hannun baƙo kai tsaye.

"Ticha, ka san hanya," in ji shi. "Maigidan baƙo ya zo da goro ya gaishe ni, ya ce ga baƙona, ga abin da yana so. Shi ke nan. Zan zo kullum da safe har garin ya zauna a kaina."

Goro ne fa kawai, irin wanda Alhaji ke rabawa a zaure kamar ƙasa, da tafiyar da ba ta kai minti goma a babur ba.

Na sami Alhaji bayan la'asar, yana zaune a kujerar mahaifinmu yana duba hoton kansa da aka buga a fosta. Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya kalle ni kamar na zo masa da maganar giya.

"Ni? In ɗauki goro in je gidan makaɗi? Ka san ko ni wane ne yanzu a garin nan?"

"Yaya, Baba ne maigidansa, kai ka gaje shi."

"Kiɗa bidi'a ne. Ana kashe Musulmi, kai kana maganar kalangu."

Wannan mutumin, ranar auren 'yarsa ta fari makaɗa uku ya ɗauko, ya taka rawa har hularsa ta faɗi. Ban tuna masa ba. Ina nan tsaye sai na ga fuskarsa ta canja, kamar wanda ya tuna inda ya ajiye wani abu.

"Tsaya. Labanis ɗin nan, wai da gaske Bafalasɗine ne?"

"Shekara hamsin yana faɗa maka."

Kwamitinsu na shirya babban taro a filin gari, kuma ba su da abin nunawa sai tuta. Ga shi Allah ya ba su Bafalasɗine na gaske, mai numfashi, a bayan katanga. A ranar Alhaji ya taka zuwa gidan tsohon, karo na farko tun rasuwar matarsa, ya rungume shi ya kira shi ɗan'uwa. Ya yi masa alkawari a gabana: ya zo taro ya yi magana, bayan taro za a duba maganar goro. Tsohon ya yi ta murna, har ya sa aka wanke masa kwat ɗinsa.

Ranar taron an kafa rumfuna, an jera kujerun roba, babura da yalo-yalo, kekunan hayan nan masu ƙafa uku, sun toshe hanya. Aka zaunar da tsohon a layin gaba, aka yafa masa ƙyallen Alhaji na biyu, shi da ban taɓa ganin ya sa irinsa ba. Kowa ya zo sai ya durƙusa kusa da shi a ɗauke su hoto. Mutanen da suka yi shekaru suna kai masa injin niƙa suna yi masa tsiya a kan hancinsa, ranar sai shafa hannunsa suke suna shafawa a fuska. Malamai biyar suka yi jawabi. Alhaji ya yi nasa, ya yi kuka a wurin da ya shirya yin kuka. Rana ta take sosai kafin a miƙa wa tsohon makirufo.

Mai gabatarwa ya ce, "Baba, faɗa wa jama'a yadda Masallacin Ƙudus yake."

"Ban taɓa gani ba," in ji tsohon. "Garinmu yana nesa. Ni yaro ne."

Wurin ya yi tsit, irin shirun wanda ya buɗe kwano ya tarar ba nama. Tsohon bai lura ba. Ya gyara tsayuwa, ya rufe ido, ya ce zai faɗa musu garinsu, ya fara daga bakin idon ruwa. Muryarsa ta fito a lasifika, sunayen suna ratsa filin, mai gadin ruwa da ubansa da kakansa, ungozoma, 'yan'uwan nan biyu. Ban taɓa jin su da ƙarfi haka ba. Yana gida na huɗu aka ji jiniya, babban baƙon taro ya iso, wani ɗan siyasa da aka yi awa uku ana jira. Jama'a suka miƙe. Alhaji da kansa ya zare makirufon daga hannun tsohon, ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi, ya sa aka yi kabbara. Na ga bakin tsohon yana ci gaba da motsi na ɗan lokaci kafin ya gane ba mai jinsa.

A hanyar gida bai yi ƙorafi ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Yanzu Alhaji zai kai goro?"

Na koma wajen Alhaji washegari, ya ce ya gaji, sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa suna da mitin da kwamitin Kumasi. Bayan nan azumi ya kusa, ba ya so a gan shi a gidan makaɗi. Bayan salla ya ce damina ta sauka, ai makaɗin ma yana gona. Sau ɗaya ya faɗa mini abin da ke ransa, yana ɗaura agogo zai fita zuwa rediyo.

"Kai ma ka cika naci. Mu muna maganar ƙasa guda, kai kana maganar wani ƙauyen da ko a taswira babu shi."

Ai dalilin nacin ke nan, amma ban ce ba. Ba zan ɗora wa Alhaji kayan duka ba, don nawa kason ba kaɗan ba ne. Ni ma ɗan mahaifinmu ne. Da na sayi goro na je na ce babban wa ya ƙi, ga ƙane ya zo a madadin gida, da wuya makaɗin ya mai da ni. Na san haka sarai. Amma ni mutum ne da ya yi shekara sittin bai tsallake yayansa ba, ina kiran abin ladabi, alhali tsoron fuskar Alhaji ne da tsoron a ce ƙane ya yi wa wansa tsirara a gari. Kowace safiya tsohon ya tambaye ni, kowace safiya na ce masa an kusa. Wata bakwai muka yi a haka, ina kawo masa koko da ƙarya.

Wata ranar Talata da hantsi mai kawo masa ruwa ta tarar da shi a ƙasa kusa da randa. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya yi mako biyu, 'yarsa ta zo daga Kumasi, aka dawo da shi gida. Idonsa na gane mutane, hannun hagu na motsi, amma bakin ya karkace, ba abin da ke fita sai iska da miyau.

Ranar da aka dawo da shi na sayi goro na hau babur zuwa Zogbeli. Ban tambayi kowa ba, kuma sama ba ta faɗo ba. Makaɗin ya karɓi goron da hannu biyu, ya tambayi lafiyar yayana kamar yadda ake yi, bai ce mini komai game da jinkiri ba. Na fi so ya zage ni.

Da safe ya zo da kalangunsa a hammata. Ya cire takalmi, ya gaishe da tsohon da Dagbanci, harshen Dagomba, ya zauna a tabarma kusa da katifar. Tsohon ya gane shi nan take. Ya yi ƙoƙarin tashi, 'yarsa ta tallafe shi da filo.

"Baba, na zo," in ji makaɗin. "Ba ni gida na fari."

Tsohon ya buɗe baki. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya yi ta fama, abin da ya fito bai zama kalma ba. Ya sake gwadawa. Sai ya juyo da ido ya kalle ni, ya ɗora yatsan hagu a kan katifa ya buga sau ɗaya.

Na faɗi gidan mai gadin ruwa, da ubansa da kakansa. Makaɗin ya maimaita, ya gyara harshensa sau biyu, ya matse kalangun ya sa sunan a ciki. Tsohon ya matsar da yatsa gaba kaɗan ya sake bugawa. Na faɗi na ungozoma. Haka muka hau tudun tare, shi da yatsa, ni da baki, makaɗin da kalangu, 'yarsa na tsaye a bakin ƙofa tana jin sunayen da ba ta taɓa zama ta saurara ba. Muka wuce makaho, muka wuce wanzami, muka zo matar cuku.

Yatsan ya matsa ya buga na takwas.

Na lalubi kaina ban sami komai ba. Na san akwai wani mai kiwon zuma a wani wuri, akwai gidan da gobara ta taɓa ci, amma ba suna, ba jeri. Tsohon ya jira ni. Ya sake bugawa a wurin, a hankali, yadda ake yi wa ɗalibin da ya kakare. Na sunkuyar da kai. Da ya ga ba zan ɗago ba sai ya ci gaba shi kaɗai. Yatsan ya yi ta tafiya yana bugawa, ya kai bakin katifa, ya juyo ya gangaro ta ɗaya gefen, leɓensa na rawa a kan kowane gida. Ya daɗe bai gama ba.

Na raka makaɗin waje. A gindin darbejiya na roƙe shi ko zai buga sauran haka nan, ko da ba suna, a san dai akwai su. Ya rataya kalangunsa ya girgiza kai.

"Ticha, ni mutane nake kira, ban iya kiran wanda ban san sunansa ba. Gida bakwai ka ba ni. Garin da zan koya wa yarana ke nan."